Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Ɗaukar Hoton Jirgin Sama Yana Cikin Gudu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na halarci wani biki inda jiragen sojojin sama suka yi wasa a sararin samaniya, na kuma ɗauki hotuna da yawa da wayata. Da na dawo gida na duba, sai na tarar wasu sun yi dishi-dishi, a wasu jirgin ya fito ɗan ɗigo baƙi, a wasu kuma babu jirgin ma sam. Laifin wayar ne, in nemi wata? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yi gaggawar sauya waya, domin kowace daga cikin matsalolin nan uku tana da dalilinta, kuma biyu daga cikinsu ba kuɗi ne maganinsu ba.

Dishi-dishin ya samo asali ne daga tsawon lokacin da idon kyamara ke ɗauka a buɗe kafin ya ƙifta. Jirgin jet da ke gudun kilomita 600 a sa'a yana shafe kusan mita 167 a daƙiƙa guda, saboda haka idan kyamara ta buɗe ido na kashi 1 cikin 125 na daƙiƙa, kafin ta rufe jirgin ya matsa fiye da mita ɗaya, kuma wannan matsawar ce kake gani ta shafe hoton. Idan ka kai saurin zuwa 1/2000, wato kashi 1 cikin 2000 na daƙiƙa, abin da zai matsa kimanin santimita 8 ne kawai. Ka shiga kyamarar wayarka ka nemi sashen da aka rubuta Pro, wanda mafi yawan wayoyin Samsung, Tecno, Infinix da Redmi ke da shi, ka sa saurin ƙiftawa tsakanin 1/1000 da 1/2000, ka bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a ƙasa gwargwadon yadda hasken ranar ya ba da dama.

Hotunan da babu jirgi a ciki kuwa, ina kyautata zaton kunnenka ka bi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa, wanda ke nufin idan jirgi yana nesa da kai da kilomita ɗaya, ƙararsa ba za ta iso ka ba sai bayan kusan daƙiƙa uku, alhali shi ya riga ya yi gaba da kusan rabin kilomita. Ka riƙa neman jirgi da ido a gaban inda ƙarar ke fitowa. Da zarar ka hango shi tun daga nesa, ka buɗe ƙafafunka ka kafa su da kyau, ka manne gwiwoyin hannunka a haƙarƙarinka, ka sa shi cikin fuskar wayar, sannan ka riƙa juyawa da ƙugunka kana bin sa a hankali ba tare da fizga ba. Ka fara ɗauka kafin ya iso gabanka, kuma kada ka tsaya da juyawa don ka danna, ka ci gaba da bin sa har ya wuce. A nan ne mafi yawan masu koyo ke ɓata hoto, domin hannu yakan tsaya cik a daidai lokacin dannawa. Ka yi amfani da ɗauka a jere: a iPhone ana jan maɓallin ɗauka zuwa hagu, a Samsung kuma ana jan sa ƙasa a riƙe, sai wayar ta zubo hotuna masu yawa ka zaɓi wanda ya fi fita.

Ƙanƙantar jirgi ce kaɗai gazawar waya ta gaskiya. Idan ka ja fuskar waya da yatsu biyu har ta nuna 20x ko 30x, yawanci yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta kumbura shi, ga shi kuma rawar hannu tana ƙaruwa, jirgin yana ta kuɓuce maka. Ka tsaya a kan zum (jawo abu kusa) na ainihin gilashin kyamarar wayar, wato 2x, 3x ko 5x idan tana da shi, ka jira lokacin da jiragen suka jeru ko suka saki hayaƙi mai launi, domin irin wannan faffaɗan hoto waya tana iya masa sosai.

Tambaya: Malam, ina da kyamarar Canon da gilashi mai kaiwa milimita 300. Na ɗauki jirgi mai farfela da sauri 1/2000, hoton ya fito tas, amma wani abokin sana'a ya ce ba shi da rai. Me yake nufi? Daga wani mai ɗaukar hoton biki a Fagge.

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya yi gaskiya. Saurin 1/2000 yana daskarar da farfela, sai jirgin ya fito kamar na wasan yara da aka rataye da zare, kuma duk wanda ya san jirgi zai ga kamar injinsa ya mutu a sama. Ga jirgi mai farfela irin A-29 Super Tucano, wanda rundunar sojin saman Najeriya ta karɓi guda 12 daga Amurka a 2021, ka juya kyamarar zuwa Tv, wato sashen da kai ne ke zaɓar saurin ƙiftawa, ka sauko da sauri zuwa tsakanin 1/160 da 1/250, yadda farfelar za ta zama inuwa mai kewayawa alhali jikin jirgin yana nan garau. Jirgi mai saukar ungulu ya fi wuya, saboda fukafukansa sun fi juyawa a hankali, don haka sai ka sauko zuwa 1/125 ko ƙasa da haka. Da yawa daga cikin hotunan za su lalace a irin wannan sauri, kuma hakan ba abin damuwa ba ne, domin guda ɗaya da ya fita daidai ya fi tarin daskararru daraja a wurina. Idan jet irin Alpha Jet ko L-39 ya shigo, ka mayar da saurin sama nan take.

Ka sa saitin gani a AI Servo, wanda Nikon da Sony ke kira AF-C, don kyamara ta ci gaba da bin jirgin yayin da yake matsowa. Ka kuma lura cewa rage sauri a cikin rana mai ƙarfi yana tilasta wa kyamara ta matse ƙofar haske zuwa f/16 ko fiye, kuma a nan ne duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ke bayyana ɗigo-ɗigo a sararin sama. A garinmu da ƙura ba ta yankewa, ka tsabtace sensa tun a gida, kuma kada ka sauya gilashi a fili.

Tambaya: Me ya sa jirgin ke fitowa baƙi ƙirin, sama kuma fari fat? Daga wata ɗaliba a Jami'ar Bayero.

Amsa: 'Yar'uwa, kyamara tana auna hasken abin da ya fi yawa a hoton, wato sama, sai ta rage haske don kada saman ya ƙone, jirgin kuma ya faɗa cikin duhu. Ki nemi alamar EV, wadda ke ƙara ko rage hasken hoto, ki ƙara zuwa +1, sannan, wanda ya fi muhimmanci, ki zaɓi wurin tsayawa yadda rana za ta kasance a bayanki. Da safe ki ba gabas baya, da la'asar ki ba yamma baya. A watannin hunturu ranar Kano tana karkata kudu ko da tsakar rana, saboda haka fuskantar arewa ya fi. Hazo kuwa yana cinye launi da kaifin duk abin da ke nesa, kuma babu saitin da ke kore shi gaba ɗaya, don haka ki jira jirgin ya matso sosai kafin ki danna. Saman da ya fi kyau a hoto shi ne na bayan ruwan damina, lokacin da iska ta wanku, gajimare kuma ya ba jirgin abin da zai fito a kansa.

Tambaya: Gidanmu yana kusa da filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Zan iya zuwa bakin katanga in riƙa gwaji da jiragen da ke sauka? Daga wani matashi a Jaba.

Amsa: Ƙanena, ina roƙonka kada ka yi haka. Kano ta daɗe da sanin jirgi, domin a nan ne jiragen sama suka fara sauka a Najeriya a 1925, amma filin nan ba na fasinja kaɗai ba ne, akwai sansanin sojojin sama da makarantar koyon tuƙin jirgi a jikinsa. Mutumin da aka gani a bakin katanga yana auna kyamara zai iya fuskantar tambayoyi masu tsanani, a kuma riƙe masa waya. Tayar da jirgi marar matuƙi a wannan yanki ya fi haka haɗari, domin yana iya jawo hatsari ga jirgin da ke ɗauke da mutane, kuma doka ba ta yarda a tashe shi ba sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro. Ko a wurin biki da aka gayyaci jama'a, ka tsaya inda aka keɓe, ka tambayi jami'in da ke kusa kafin ka ɗauki jirgin da ke ajiye ko fuskar soja.

Gwajin da kake buƙata ba sai da jirgi ba. Shirwa da ke shawagi a saman unguwa tana koyar da neman abu a sararin sama da riƙe shi a tsakiyar hoto, dawakan sukuwa a filin wasa kuma suna koyar da juyawar ƙugu da sauri 1/125, har ka ga dokin ya fito garau, bayansa ya shafe. Ranar bikin ka tafi da batir a cike da wurin ajiya isasshe, ka riƙa mayar da wayar inuwa tsakanin wasa da wasa, domin idan ta yi zafi tana rage haske ko ta rufe kyamarar da kanta. In za ka tura hotunan ta WhatsApp, ka tura su a matsayin fayil, don kada manhajar ta matse su ta cinye rubutun da ke jikin jirgin.