Mallaka, 'Yanci da Tsagewar Bango

Wani malamin tarihi ya rubuto yana tambaya: "Malam, me ya sa muke cewa mulkin mallaka, ba mulki kawai ba? Kuma ko karin maganar nan ta tsagewar bango ta dace da yadda ƙasashen Kudancin Amurka suka kuɓuce wa Sifen?"

Malam, mulki da mallaka tushensu ɗaya a Larabci, amma Bahaushe ya raba musu aiki. Mai mulki shugabantar mutane yake yi. Mai mallaka kuwa ya mai da su dukiyarsa. Shi ya sa in aka ce mace ta mallake mijinta, ana nufin ba shi da sauran kataɓus. Dubi Potosi, a Bolibiya ta yau, inda aka gano dutsen azurfa a 1545. Daga shekarun 1570 aka ɗora wa ƙauyukan 'yan ƙasa tura mazajensu cikin ramukan haƙa, bi da bi, ala tilas, kashi ɗaya bisa biyar na azurfar kuma na sarkin Sifen ne. Wannan ya wuce mulki.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ta dace, amma da gyara. Bangon ya tsage a 1808, da Napoleon na Faransa ya tuɓe sarkin Sifen, Ferdinand na Bakwai, ya naɗa nasa ɗan'uwan, Joseph. A 1810 Karakas da Buenos Aires suka kafa majalisunsu, Fada Miguel Hidalgo ya ta da bore a Meziko. Sai dai ƙadangaren karin maganar bare ne mai neman kafa, alhali jagororin yaƙin 'yancin, Simon Bolivar da San Martin, haifaffun can ne, jikokin Sifaniyawa waɗanda suka gaji da ganin ana aiko musu da gwamnoni daga ƙetare. Yaƙin Ayacucho a Peru, wanda Sucre, kwamandan sojojin Bolivar, ya ci a Disambar 1824, shi ya karya ƙarfin Sifen a yankin.

Ka ja hankalin ɗalibanka a kan kalmar 'yanci. Daga ɗa da 'ya ta fito, ɗa kuwa a Hausa kishiyar bawa ne. Ƙasashen sun sami 'yancin kai, amma bayi baƙar fata a Peru da Benezuwela ba a 'yanta su ba sai 1854.