Me Ya Sa Maganin Feshi Ba Ya Zama a Ganyen Albasa?

Wani manomin albasa daga Aliero ya tambaya: "Ina yin feshi, amma maganin gangarewa yake yi ƙasa, ƙwari na nan. Wasu sun ce in zuba omo, wasu sun ce ruwan kuɓewa. Wanne zan bi?"

Malam, ganyen albasa da na kabeji suna da wani rufi mai santsi irin na kakin zuma. Ɗigon ruwa idan ya faɗo kansa ba ya shimfiɗewa, sai ya dunƙule, ya yi tsalle ko ya gangare. Ga ganyen albasa a tsaye yake.

Abu biyu ake ƙarawa cikin magani domin ya zauna a ganye. Na farko dangin sabulu ne, yana sa ɗigo ya baje ya jiƙa ganye. Na biyu shi ne ya fi jan hankalina: sinadari mai yauƙi. Ka lura da miyar kuɓewa, idan ana burga ta sai ta saki, idan aka ɗaga ludayi sai ta ja zare ta ƙi yankewa. Ruwan da aka sa wa irin wannan sinadari yana wucewa ta bakin famfo ba wahala, amma da ya bugi ganye sai ya ƙi janyewa da sauri, don haka ba ya tsalle. A shekarar 2000 masu bincike a Faransa suka nuna cewa ɗan kaɗan na wannan sinadari ya isa ya hana ɗigo tsalle. Yana kuma rage ƙananan ɗigo da iska ke kwashewa zuwa gonar maƙwabci.

To amma kada ka zuba ruwan kuɓewa a tanki. Ba ka da ma'auninsa, zai toshe matata da bakin famfo. Omo ma ban yarda da shi ba, yana iya ƙona ganye, ya kuma raunana wasu magunguna.

Sayi abin ƙari da aka yi domin wannan aiki, wanda masu shagon maganin gona ke kira sitika, ka bi awon da ke jikin kwalba. Idan ya yi yawa, maganin zai malale ya sake zubewa ƙasa. Yi feshi da yamma, ko da safe bayan raɓa ta bushe, lokacin da babu iska. Gwada a kunya ɗaya tukuna, ka duba: ganye ya jiƙe amma kada ya riƙa ɗiga. Ka saita bakin famfo zuwa wuyan albasa, domin tsakanin ganyaye a nan ƙananan ƙwarin ke ɓuya.