Maganaɗisu zai sa shuka ta zuƙe dalmar gona?

Malam, ka tambaya ko gifta iri ta cikin ƙarfin maganaɗisu kafin shuka zai tsabtace gonarka da ke kusa da wurin haƙar zinariya.

Aikin maganaɗisun a kan irin yake: a wasu gwaje-gwaje yana gaggauta tsirowa, saiwa ta yi tsawo, sai shuka ta ƙara zuƙar ƙarfe. Amma dalma taurin kai gare ta, ba ta cika hawa ganye ba kamar kadmiyam (wani ƙarfe mai guba). A Zamfara, bayan annobar gubar dalma ta 2010, kankare ƙasar aka yi, aka zuba sabuwa.

Babban kuskure: a yi kwaɗon ramar da aka shuka a irin wannan gona, ko a ba awaki. Kul!

Fara kai ƙasar sashen kimiyyar ƙasa na jami'a su auna. Yara kuwa, asibiti, gwajin jini.