Hukuncin yabon Maradona da ambaton laifukansa bayan mutuwarsa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina horar da yara ƙwallon ƙafa a unguwarmu, kuma nakan ba su labarin gwanintar Diego Maradona, amma nakan haɗa da labarin yadda ƙwaya ta lalata masa rayuwa. Wani yayana ya ce giba nake yi wa matacce, wani abokina kuma ya ce yabon mutum irinsa ma haramun ne. Mene ne gaskiyar lamari?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗan'uwa, yayanka da abokinka kowannensu ya riƙo wani gefe na gaskiya, sai dai ya ɗora shi a inda ba muhallinsa ba.

Faɗin cewa wane gwani ne a fanninsa labari ne, kuma idan gaskiya ne babu laifi a cikinsa, ko da mutumin ba Musulmi ba ne, ko fasiƙi ne. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Amru ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, ya lissafo kyawawan halayen Rumawa, ciki har da haƙurinsu lokacin fitina da saurin farfaɗowarsu bayan musiba, alhali ba Musulmi ba ne. Saboda haka idan ka gaya wa yara cewa Maradona ne ya jagoranci Ajantina ta ɗauki kofin duniya a Meziko a 1986, ko cewa shi ya kai Napoli ga cin kofin gasar Italiya a 1987 da 1990, ko ka nuna musu yadda yake riƙe ƙwallo da ƙafar hagu domin su koya, ba ka yi wani saɓo ba.

Inda ake jin tsoro shi ne yabon ƙafa ya rikiɗe ya koma son mutum ɗungurungum, da halinsa da tafarkinsa. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce mutum yana tare da wanda yake so, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ba za a ce wannan tsoro zato ne kawai ba, domin a birnin Rosario na Ajantina wasu masoyansa sun kafa abin da suka kira cocin Maradona a 1998, kuma ko da an ce raha ce, ba raha ce da Musulmi zai saka baki a ciki ba. Haka nan ƙwallon da ya jefa da hannu a ragar Ingila a 1986, wadda shi da kansa ya amsa daga baya cewa hannu ya sa, ha'inci ce, kuma Manzon Allah ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya cikinmu. Bai halatta mai horarwa ya nuna wa yara ita a matsayin wayo ba, balle ya maimaita jingina ta ga Allah da aka yi, wato kiranta "hannun Allah". Tsarki ya tabbata gare Shi.

Sai maganar giba, wadda ta fi buƙatar natsuwa. Gaskiya ne Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, kuma Tirmizi ya ruwaito hanin tare da dalilin cewa zagin yana cutar da rayayyu. To amma zagi daban, bayar da labarin abin da ya tabbata domin gargaɗi daban. Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum yake halatta, daga cikinsu akwai gargaɗin Musulmi daga sharri, da ambaton wanda ya bayyana fasiƙancinsa da abin da ya bayyana ɗin kaɗai. Dakatar da Maradona na wata 15 da aka yi a 1991 saboda hodar ibilis ba sirri ba ne, hukunci ne da aka yanke a bainar jama'a, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin irin ɓarnar da ta yi masa. Yaran da kake horarwa suna rayuwa ne a zamanin da tiramadol da kodin suka shiga unguwanni, don haka maslahar gargaɗinka a fili take.

Wannan halacci yana da iyaka, kuma iyakar ita ce adalci, domin Allah ya ce a Suratul Ma'ida, aya ta 8, kada ƙin wasu mutane ya sa ku bar adalci. Ga misali da zai amfane ka. Wasansa na ƙarshe ga ƙasarsa shi ne wanda suka ci Najeriya 2 da 1 a Amurka ranar 25 ga Yunin 1994, inda Samson Siasia ya fara zura ƙwallo, Caniggia ya rama biyu. Bayan wasan aka sami sinadarin efedirin, mai ƙara kuzari wanda aka haramta wa 'yan wasa, a jikinsa, aka kore shi daga gasar. Mutane da yawa suna ba da labarin kamar hodar ibilis ce aka kama shi da ita a ranar, alhali ba ita ba ce, kuma shi ya musanta cewa da gangan ya sha. Idan za ka faɗa, ka faɗi abin da gwaji ya nuna da abin da ya kare kansa da shi, kada haushin an ci ƙasarka ya sa ka ƙara gishiri. Abin da jaridu suka yi ta yayatawa game da iyalinsa da mu'amalarsa da mata kuwa, babu wata maslaha ga yara a cikinsa, ka kame bakinka daga shi, haka ma mayar da halin da ya shiga a ƙarshen rayuwarsa, kafin mutuwarsa a Nuwamban 2020, abin dariya a gidan kallo.

Wannan hukunci ya shafi ɗan wasa Musulmi ma, sai dai haƙƙinsa ya fi nauyi: abin da ya ɓoye wajibi ne a rufa masa asiri, idan kuma ya tuba ba a tono abin da ya wuce domin a kunyata shi. Ka ci gaba da darasinka bisa waɗannan sharuɗɗa, ka yi wa yayanka bayani cikin ladabi, kuma ka tsayar da atisaye idan an kira salla. Allah ne mafi sani.