Wanda cacar waya ta kama, sinadarin ƙwaƙwalwa zai zame masa uzuri?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ina zaune a Mabera. An jarabce ni da cacar ƙwallo ta waya, kullum ina tuba ina komawa. A aji an koya mana cewa sinadarin dofamin ke sa mutum maimaita abu. In ƙwaƙwalwata ce ke tura ni, ina da laifi?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗana, karatun da aka yi muku daidai ne, hukuncin da ka ɗora a kansa ne bai tsaya ba.

A 1997 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz da abokan aikinsa sun bayyana abin da aka gani a ƙwaƙwalwar birai. Idan aka ba biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, jijiyoyin dofamin sai su zabura. Idan ya saba wata alama na zuwa kafin ruwan, zaburar sai ta koma kan alamar. Idan ya sa rai bai samu ba, sai su lafa. Makarɓan sinadarin (wuraren da yake kamawa a jikin jijiyoyi) da ake kira D1 suna ƙarfafa hanyar "sake yi" in ya hau, D2 kuma hanyar "dakata" in ya sauka. Sharrin caca a nan yake: ci ba shi da tabbas, don haka duk ranar da ya zo, ba zato yake zuwa.

To amma duk wannan bayanin yadda sabo ke kafuwa ne, kuma sabo ba tilas ba ne a shari'a. Mutum uku aka ɗauke wa alƙalami a hadisin Abu Dawud: mai barci, yaro da mahaukaci. Kai kuwa ka san haramun ce, har kana nadama. Taklifi, wato nauyin bin hukunci, yana kanka, kuma haramcin caca nassi ne a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Wahalar bari gaskiya ce, ladan yaƙi da rai ma tana ƙaruwa da ita.

Dubi hadisin Bukhari da Muslim: wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca", ya yi sadaka. Ba a ma buga ba, gayyata ce kawai. Kai ma daga nan za ka faro: goge manhajar, fita daga zaurukan WhatsApp masu raba hasashen wasa, bar majalisar da ake buga ta.

Mai cutar Fakinsan (cutar karkarwar jiki) da maganin motsa makarɓan dofamin ya jefa shi caca, abin da likitoci suka tabbatar yana faruwa, gwargwadon gushewar ikonsa gwargwadon uzurinsa, kuma ya koma wa likitansa. Kai ma in abin ya fi ƙarfinka, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da ke jihar Sakkwato ba abin kunya ba ne.

Kuɗin da ka ci kuwa ba halalinka ba ne. Ka fitar da su ga mabuƙata da niyyar rabuwa da haram, ba neman ladan sadaka ba.

Wallahu a'alam.