Giyar tsohuwar 504 mai ƙofa biyu: in kwance ta a gida ko in kai wa makaniki?

Wani ɗan'uwa mai shagon baƙin mai da filta a Ƙofar Ruwa, Kano, ya aiko da tambaya. Ya sayi Peugeot 504 mai ƙofa biyu, wadda ake kira Coupé (ba a-kori-kura ba), ƙirar 1972, daga hannun magadan wani dattijo a kan naira miliyan 3, kusan kashi ɗaya cikin uku na jarinsa. Inji na tashi lafiya, amma giya ta biyu tana kartawa, ribas ma ba ta shiga sai da ƙara. Kuɗin aikin da makaniki ya yanka masa ya yi masa yawa. Yana da sifanu, ya kalli bidiyoyi a intanet, don haka yana son ya sauke akwatin giyar a ƙofar gida ya gyara da kansa, ya sayar ya ci riba, in abin ya karɓe shi ya mayar da shi sana'a ta biyu.

Malam, Allah ya sanya alheri. Ba ƙaramar mota ka samu ba. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, an fara fitar da ita a 1969, aka daina a 1983, kuma 'yar'uwarta mai injin V6 ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1978. Amma amsata ita ce kada ka buɗe akwatin giyar nan a gida. Motar da ke tafiya da ƙafarta, ko da giyarta na kuka, haja ce, akwai mai taya ta. Ranar da ka zube cikinta a tabarma, har zuwa ranar da za ta sake haɗuwa, 'yan gwangwan ne kaɗai za su yi mata kuɗi, su kuwa kilo suke aunawa. Na taɓa shiga zauren wani abokin ciniki na tarar da haƙoran giya da boris a cikin daro, an rufe da buhun siminti, ƙura ta yi musu hula. Shekara biyu kenan, in ji shi, yana neman zobe guda ɗaya, motar kuma tana waje tayoyi sun kwanta.

Akwai aikin da ya dace da gida, kuma ina kyautata zaton zai iya rage maka kashe kuɗi ƙwarai, domin akwai wata alama a cikin wasiƙarka da ba ka ba ta muhimmanci ba: ribas ma tana kartawa. Giyoyin gaba suna da zoben tagulla da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu, in ya cinye sai giyar ta riƙa karta. Ribas ba ta da wannan zoben. Saboda haka in ita ma tana ƙara alhali mota na tsaye, kuloci ake fara tuhuma, wato ba ya sakin inji gaba ɗaya. Ka tayar da mota, ka taka kuloci har ƙasa, ka ƙirga biyar, sannan ka sa ribas. In ta karta, ka fomfa kulocin sau huɗu ko biyar ka sake gwadawa. In ta shiga sumul bayan fomfawar, to iska ce ko robobin da suka mutu, domin kulocin 504 da man birki yake aiki, motar da ta yi shekaru a ajiye kuwa robobinta su ne farkon lalacewa. Wannan gyara ne na yini ɗaya, ba a ma sauke giya.

Sai kunne. Mota tana firi, inji na aiki, ka ji gurnani, ka taka kuloci ya ɗauke: boris ne na cikin akwati. In kuwa sai ka taka ne ƙarar take tasowa, boris ɗin kuloci ne. Ka rubuta duk abin da ka ji, zai yi maka amfani a wajen ciniki da makaniki.

Batun mai kuma, a nan zan ɗan tsaya, tunda sana'arka ce kuma a nan ne hannu zai yi saurin kai wa galan ɗin da ke kusa. Ka zagaya da motar ta ɗan yi ɗumi, ka ajiye ta a wuri mai baje, kan rami ko kan ƙafafun ƙarfe. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ko kan bulo, bulo yana fashewa ba sallama. Ka fara kwance notin zuba mai na gefe kafin na tsiyayewa na ƙasa, don in ka zubar da man sannan na gefen ya ƙi kwantuwa, ka tsayar da motarka da hannunka. Ka tara man a farar roba mai tsabta, ka fita da ita rana ka karkata. Ɗan ƙyalli kamar garin zinariya, tagullar zobe ce ke ci a hankali, tsohuwar mota ba ta rasa shi. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa zai iya ɗauka, haƙori ne ko boris, wannan sai an buɗe. In man ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Wajen zubawa, sai ya fara dawowa ta bakin ramin gefe, shi ne ya cika.

Kada ka ɗura mata mai kauri mai lamba 140 don ƙara ta kwanta. Littafin 504 na wancan zamani man inji ya rubuta wa akwatin giyarta, kamar yadda motar MGB ta Ingila ma take. Mai kauri yana hana zoben tagulla kamawa, giya ta ƙara tauri da sanyin safiya. Wanda aka rubuta wa GL-5 kuwa don difa aka yi shi, wato akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya, kuma sinadarin farar wuta da ke cikin wasunsu ba ya shiri da tagulla. Ga kuma ɗaya gefen: rufe bakin giya da mai kauri don mai saye kada ya ji, algus ne. Masu sayen irin wannan mota ba su da yawa kuma sun san juna, labari ɗaya ya ishe ka.

To a ce ka yi duk wannan, ribas ta gyaru, ta biyu tana nan tana kartawa. Yanzu aikin ya fi ƙarfin sifana. Sandar da ke kai ƙarfi baya a 504 tana cikin bututun ƙarfe ne da ya haɗe giya da difa, sauke giyar ma sai an taɓa baya. Cikin akwatin kuma akwai boris da sai da abin matsi ake zare su, da siraran zobban ƙarfe (washa) da ake auna kaurinsu kafin a mayar. In aka yi kuskuren guda ɗaya, sai an sake saukewa.

Sa'arka ɗaya, ba a rasa masanan wannan akwati a Arewa. Masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da dainawa. Dattawan da suka tsufa a ƙarƙashin Fijo suna nan a Kano, suna nan a Panteka ta Kaduna, da ɗan gari kuwa akan ci gari. Kayan inji da na giya na mai silinda huɗu irin taka sun yi tarayya da na 504 ta gida a abubuwa da dama, shi ya sa za ka iya samun akwati na hannu ka ɗora. In za ka yi haka, a ajiye su gefe da gefe a gwada, musamman wajen sandar sa giya, kuma ka adana na asalin ka ba mai saye tare da motar. Amma Kaduna ba ta taɓa yin mai ƙofa biyu irin taka ba. Ta fi ta gida gajarta da santimita 19 tsakanin tayar gaba da ta baya, don haka bututun nan ba ɗaya ba ne. Gilasai, fitilu da ƙofofi nata ne ita kaɗai, in ɗaya ya fashe sai Faransa, da kuɗin yuro, ka kuwa san yadda naira ta koma tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Ka lulluɓe fitilun nan kafin kowa ya kusance ta da ƙarfe.

Da makanikin, ku yi jinga, ba lissafin kwana ba. A buɗe akwatin a gabanka, a rubuta abin da za a canza, kai ka sayo, a dawo maka da tsofaffin. Kashi ɗaya cikin uku kafin alƙalami, cikon sai an hau titi an gwada kowace giya da zafi da sanyi. Ka roƙe shi ka zauna kana miƙa sifana. In da gaske kake son sana'ar, ka sayi mataccen akwatin 504 ta gida a wajen 'yan gwangwan ka riƙa kwancewa kana haɗawa, a kansa ake koyo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne kashi ɗaya cikin ukun jarinka da ka zuba a motar nan. Baƙin mai da filta kaya ne masu juyawa. Ka buɗe littafin shago ka duba ribar da miliyan 3 take kawo maka a wata, ka rubuta ta a matsayin kuɗin da motar ke ci duk wata tana tsaye, ko ba a taɓa ta ba. Ka haɗa da kuɗin saye, da gyara, da la'adar dillali, shi ne ainihin farashinta a wurinka. Ka buɗe mata littafinta daban, ka yanke iyakar abin da za ka ƙara mata da watannin da za ka jira, tun yanzu da zuciya ba ta gama shaƙuwa da ita ba. Aljihun shago kada ya ƙara ba ta ko sisi. In an kai iyakar ba ta gyaru ba, ka sayar a haɗe, ka faɗi aibinta. Kada kuma ka yi mata sabon fenti ko ka canza kujeru don ta yi kyau, masu neman irinta sun fi biyan wadda ba a taɓa ba.

Ka ce daga hannun magada ka saya, amma ba ka ce komai a kan takardu ba. Kafin ka sayi ko lita ɗaya ta mai, ka tabbatar kana da takardar ciniki da dukkan magadan suka amince da ita, har matan da ke cikinsu, da sa hannun shaidu, lambar jikin mota da ta inji kuma su dace da abin da ke takardun marigayin. In akwai wanda bai sa hannu ba, wurinsa za ka fara zuwa gobe da safe.