Shugaban ƙasa zai iya tura soja waje ba izinin majalisa?

Malam, ka tambaya ko kwamandan askarawa na da ikon kai yaƙi yadda ya ga dama. A'a. Sashe na 5 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce ayyana yaƙi sai majalisun tarayya biyu sun amince a zaman haɗin gwiwa. Tura soja fagen fama a waje kuwa, yardar majalisar dattawa kaɗai ake nema.

Togaciya ɗaya ce. In barazana ta matso, zai iya tura dakaru na taƙaitaccen aiki, amma cikin kwana 7 da fara gumurzu ya nemi izini, sanatoci su amsa cikin kwana 14.

Mutanenmu a Kaduna kan haɗa wannan da farautar 'yan bindiga a Birnin Gwari. Wancan aikin cikin gida ne, sashe na 217. In shari'a za ka shigar, nemi lauyan tsarin mulki.